Inna Mai Dusa da Rariyoyinta Biyu

Ƙarfe biyar da rabi na safe, kafin masu shara su taɓa tsintsiya, Inna Mai Dusa ta riga ta iso ƙofar kicin ɗin asibiti. Ƙofar ƙarfe ce mai taurin kai, sai an tokare ta da gwiwa an ɗaga kaɗan sannan makulli yake yarda ya juya. Shekara talatin da ɗaya gwiwa ɗaya ke wannan aiki, shi ya sa in ka hango Inna daga nesa za ka ga tana ɗingisa ƙafar hagu. Tana shiga sai ta saka farar rigar aiki, ta wanke hannu, ta zubar da ruwan waken da ta jiƙa tun jiya, ta zuba sabo. Daga nan ta tsaya gaban takardar da ma'aikatan jinya suka liƙa mata a bango, ta bi ta da yatsa layi-layi: gado kaza an hana shi gishiri, gado kaza ƙodarsa ta taɓu, kada a ba shi wake ko ayaba sai likita ya ce. Karatunta bai yi nisa ba, amma wannan takarda ba ta taɓa kayar da ita ba.

Sama da babbar tukunya akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai rariya. Tsatsa ta ci bakinta, gizo-gizo ya tare a ciki, kuma duk sabon ma'aikacin da ya miƙa hannu zai sauko da ita sai ya ji muryar Inna a bayansa: "Bar ta nan, ɗana, hutu take yi." Hutun ya kai shekara ashirin da shida.

Ni mai wannan rubutu a ɗakin gwajin jini nake aiki, tagarmu tana kallon tagar kicin. Ƙarshen watan nan Inna za ta yi ritaya. Na so a ce jinjinar da zan yi mata ta dariya ce zalla, amma matar da ta ciyar da dubban baƙi abin da ya taimake su, yau tana fafutukar mutum ɗaya a cikin gidanta, kuma babu wanda ya san yadda za ta ƙare. Zan zo kan wannan.

Da wanke-wanke ta fara. Ana ba ta tire ta kai ɗaki na huɗu, inda ake kwantar da masu ciwon sukari da hawan jini, ta dawo ta kwaso kwanuka. A nan ta lura da abin da ya dame ta: fuskokin da aka sallama bara su ne ke dawowa bana, sai dai an ƙara nauyi, an rage yatsa ko ƙafa. Wata rana ta tare wani tsohon likita a baranda, mutumin kirki mai yawan haƙuri, ta tambaye shi ko maganin ne ba ya aiki.

Likitan ya jingina da bango ya yi mata bayani kamar yana magana da abokiyar aiki. Ya ce tumbi da hawan jini da sukari da yawan kitse a jini 'yan gida ɗaya ne, da wuya ɗaya ya zo bai jawo sauran ba. Ƙarƙashinsu kuma akwai wani kumburi na cikin jiki, ba ya ciwo, ido ba ya ganin sa, amma a hankali yake lalata hanyoyin jini. Ya ce a hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ba sa ƙirguwa, kuma ba duka ne masu cuta ba. Masu amfanin cikinsu, abincinsu shi ne abin da cikinmu ya kasa narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, jijiyar ganye, albasa, tafarnuwa, ayabar da ba ta gama nuna ba. In sun ƙoshi sai su fitar da abin da ke ƙarfafa bangon hanji, ya taimaka wajen kwantar da kumburin, sukari kuma ya rage hawa da gudu bayan an ci abinci.

Inna ta ce, "Likita, ke nan abin da muke tankaɗewa mu zubar kullum a kicin, shi ne rabonsu?"

Ya ce, "Shi ne."

Ranar da aka ɗora ta a kan tukunyar ɗaki na huɗu, ranar ta rataye rariya. Ta daina surfe, ta daina tankaɗe, ta daina cire wa wake ɓawo. Kuma a makon farko ta tafka kuskuren da har yau tsofaffin ma'aikata ke tsokanarta da shi. Zumuɗi ya sa ta loda musu wake da dusa da kabeji safe da rana, babu sassauci. Kwana uku ɗaki na huɗu bai shigu ba. Cikin kowa ya kumbura, tagogi duk a buɗe, shugabar ma'aikatan jinya ta zo kicin da hannu a hanci tana cewa, "Baiwar Allah, marasa lafiya aka ba ki ko balan-balan?" Inna ta sha kunya, ta koma wurin likita, ta koyi cewa abin a hankali ake ƙara shi, cokali bayan cokali, da ruwa mai yawa. Daga wannan makon sunan Mai Dusa ya bi ta. Da ba'a aka raɗa mata shi, ita kuma ta karɓe shi da hannu biyu.

Duk wanda ya yi aiki a ɗaki na huɗu ya san labarin direban babbar mota. An kawo shi tumbi na gogar sitiyari, jini ya hau, sukari ya hau, ga baki. Da aka ajiye masa abinci ya leƙa ya ga baƙi-baƙin gari da ɓawon wake, sai ya hankaɗe kwanon har ya kife a ƙasa. Ya ce, "A kira mini wadda ta dafa wannan. Ce mata aka yi akuya aka kwantar?"

Inna ta zo da tsumma, ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, ta goge ƙasa tas, sannan ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "A'a, ɗana, kai ba akuya ba ne, makiyayi ne. Garken yana cikinka, shekara nawa ka bar su da yunwa. Wancan kwanon nasu ne, ka zubar. Bari in kawo wani, ka ci cokali uku don su, sauran ka bar mini."

Mutumin ya ci cokali uku yana harararta. Jininsa ta hannuna ya bi, da farko da kuma bayan wata huɗu, kuma na ga yadda lambar sukari da ta kumburi suka sauko. Ba abincin kaɗai ba ne, Inna ma ba ta taɓa cewa shi kaɗai ba ne. Kullum maganarta ita ce, "Sha maganinka, ka taka da ƙafarka, ni garke kawai nake ciyarwa." Amma direban ya dawo takanas ya tsaya a tagar kicin, ya ɗaga riga yana nuna mata sababbin hudoji biyu da ya yi wa bel ɗinsa da ƙusa.

Daga baya likitoci suka roƙe ta ta riƙa zama a baranda duk ranar Laraba, ranar masu zuwa a duba su su koma gida. Takan shimfiɗa hatsi da wake da albasa a kan tebur ta yi musu bayani da harshen da suke ji, ta kuma auna ƙugun kowa da tef. Tef ɗin awo ne na ɗinki, rawaya, lambobinsa sun fara gogewa. Daga shagon mijinta ta aro shi, domin maigidanta tela ne.

Ke ce, Inna, wadda ta auna ƙugun rabin garin nan. Ke ce mai durƙusa wa wanda ya zage ki, ki tashi ki sake zuba masa. Ke ce kika san wanda haƙoransa suka zube a dafa masa ya yi laushi ba tare da an raba shi da ɓawo ba. Mun ga wannan duka da idonmu. Abin da ba mu gani ba shi ne rariya ta biyu.

A gida ma akwai rariya, ita kuma ba ta taɓa hutu ba. Guda bakwai Inna ta kashe a shekarun nan, tana ƙarewa ta sayi sabuwa. Tela mutum ne mai fara'a da barkwanci, mai kyauta, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Amma tun farko ya shata mata layi yana dariya: "Uwar yara, abincin asibiti ki bar shi a asibiti. Ni lafiyata ƙalau. In na yini a kan keke na dawo, ba dusa zan tarar ba." Sau biyu ta gwada saka masa kaɗan a ɓoye. Sau biyun ya gane, ya ture kwano a hankali, ya yi mako guda yana ci a wurin mai abinci kusa da shago. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, a ce mijinta yana cin girkin wata a kan benci, mutane suna kallo.

Sai ta sallama. Ta riƙa tankaɗe masa gari sau biyu har ya yi laushi kamar hoda, shinkafa fara sol, wake a cire ɓawo ɗaya-ɗaya, shayi da sukari cokali uku. A zuciyarta ta ɗauka wannan shi ne girmama miji, a ba shi mafi laushi da mafi fari. A asibiti ita ma'aikaciya ce mai iko da tukunya, a gida kuwa mata ce mai son ganin kwano ya dawo a share. Dusar da ta tankaɗe takan miƙa wa maƙwabciya mai kaji. Tef ɗin nan kuwa yana kwana a jakarta, taku biyar daga inda mai shi yake kwance, ba ta taɓa zagaya shi da shi ba. In ta ce masa, "Baban yara, anya ba ka ƙara jiki ba?" sai ya ja wandonsa ya nuna mata. "Duba, wandon shekara goma ne, har yau yana shiga na."

Wata biyu da suka wuce, ranar Laraba da hantsi, tana baranda tana auna wata mata, aka wuce da gadon da ake tura marasa lafiya a guje. An rufe mutumin da zane, ƙafafu kawai suka fito. Inna ta dubi bakin wandon, ta gane ɗinkin kafin ta gane ƙafar. Tef ɗin ya faɗi daga hannunta. Mijinta ne, a kan keken ɗinki ya kife, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace.

Jininsa ni aka kawo wa. Da sakamakon ya fito na sake gwadawa don ban so in yarda ba. 'Yan gida ɗayan nan duk huɗu suna nan, lambar kumburi kuma ta yi sama, kuma ba jiya suka tare ba. Inna ta zo taga ta karɓi takardar da kanta. Ba ta iya karanta sunayen gwajin ba, amma ta san inda ake jan layi da jan biro, ta kuma ƙirga layukan. Ta ce, "Ɗana, duka ne ko?" Na ce duka ne, Inna. Ta naɗe takardar ta koma kicin, domin abincin rana na mutum arba'in yana kan wuta.

Da ta je gida ɗauko masa kayan sawa ta juya wandunansa. Kowane ɗaya an farke shi ta baya an ƙara ƙyalle, an sake farkewa an sake ƙarawa, wani har sau uku, da ɗinki mai kyau irin wanda sai an juya ake gani. Shi da kansa yake buɗa su a shago don kada ta sani. 'Yarsu babba, wadda ita ta ba ni labarin abin da ya faru a gida, ta ce ta tarar da uwar zaune a bakin gado da wanduna shida a cinya, ba kuka take ba, tana dai shafa ƙyallayen da yatsa.

Kwana tara ya yi a ɗaki na huɗu, yana gado na uku daga ƙofa. Duk ɗakin suna cin girkin matarsa suna sa albarka, shi kaɗai yake datse baki ya juya fuska bango. Ranar sallama likitan da ke duba shi ya ja Inna gefe. Ya ce, "Inna, ke ba baƙuwa ba ce, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Hannun dama da wuya ya dawo. Abin da muke gudu yanzu shi ne ciwon ya dawo karo na biyu. In jini da sukari ba su sauka ba, zai iya zuwa, kuma na biyu ba kasafai yake barin mutum ba. Magani namu ne, kwano naki ne."

A gida abin ya ƙara tsanani. Yana shan magani, amma abinci in ya ga ɗigon dusa sai ya rufe ido. Magana ta ƙwace masa, sai kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar. Kalmar farko da ya iya haɗawa ya faɗa wa matarsa bayan kwana goma sha biyu, ba sunanta ba ne, ba sannu ba ce. Cewa ya yi, "Tankaɗe." Mutum ne da aka raba da hannunsa da shagonsa da bakinsa a yini ɗaya, abin da ya rage masa na iko shi ne ya ƙi. Ban ga laifinsa ba, amma ya fara ramewa irin ramar da ba ta lafiya ba, maganin sukari kuma ba ya son ciki fayau.

Ranar Asabar da ta wuce, da la'asar, Inna ta ɗauko kwanon gari da rariya ta zauna a ƙasa gaban kujerarsa. Ta ajiye wandunan nan shida a gefe, a juye, ƙyallayen suna kallon sa. 'Yar ta ce tun da take ba ta taɓa jin uwarta ta yi wa ubanta doguwar magana irin ta ranar ba.

Ta ce, "Baban yara, na ga aikinka, ɗinki ya yi kyau. Kai ka ɓoye, ni kuma na ƙi dubawa, laifin namu ne mu biyu, nawa ya fi yawa don ni na sani. Yanzu ga rariya. In na tankaɗe za ka ci, kuma na san inda zai kai ka, shekara talatin da ɗaya ina ganin waɗanda ake fitarwa ta ƙofar baya. In ban tankaɗe ba, ba ka ci, nan ma na san inda za a je. Ni na gaji da zaɓa. Ka faɗa mini ta wace hanya kake so in rasa ka."

Sai a lokacin kuka ya zo mata. Tela ya daɗe yana kallon wandunan. Can ya ɗaga hannun hagu ya nuna aljihun keken ɗinkinsa, wanda aka dawo da shi gida aka rufe da zane. 'Yar ta buɗe ta yi ta ɗago abubuwa, zare, alli, allura, yana girgiza kai, har ta ɗago almakashi. Ya nuna rariya, aka ɗora masa a cinya. Almakashin na hannun dama ne, a hagu ba ya ci, sai ya lanƙwasa wayar rariyar ya zame. Ya yi ta fama, gumi na zuba, 'yar ta miƙa hannu za ta taimaka ya buge hannun. Ya fi minti ashirin kafin ya raba ragar gida biyu. Mutumin da bai taɓa yanka ƙyalle a karkace ba, ya yi yanka kamar cizon ɓera, kuma shi ne abu na farko da ya yanka tun da ya faɗi. Da yamma ya ci cokali huɗu na abinci mai dusa, yana ci hawaye na bin gefen bakin da ya karkace.

Kada mai karatu ya ɗauka an ci nasara. Hannu bai dawo ba, shago yana rufe, shekara ashirin da shida na farin gari kuma ba sa gogewa da cokali huɗu. A asibiti ma an ba wani ɗan kwangila kicin daga wata mai zuwa. Ma'aikatansa sun zo duba wuri shekaranjiya, na ga ɗaya ya sauko da tsohuwar rariyar daga ƙusa yana karkaɗe ta, yana tambaya ko za ta gyaru. Raina ya ɓaci, amma ba ni da ta cewa a kicin.

Inna, mun gode. Mun gode a madadin direba da dubban da ba su san fuskarki ba, sun dai san ɗanɗanon hannunki. Mun gode da gwiwar da kika kashe a ƙofar nan, da zagin da kika haɗiye, da yardar da kika yi in rubuta har abin da ya fi yi miki ciwo. Da na nemi izini cewa kika yi, "Rubuta, ɗana, kada ka rage. Wata tana can tana tankaɗe wa nata don so." Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba Baba lafiya.

Ku kuma da kuke karantawa, ku yi koyi da ita a abin da ta yi wa baƙi, ku riga ta a abin da ta makara a gida. Ku bar wa hatsi dusarsa, ku bar wa wake ɓawonsa, ku fara kaɗan-kaɗan, mai wata cuta ya tambayi likita. Ku kai na kusa da ku a auna su tun suna gardama da bakinsu, ku jure fushin mako guda.

Laraba mai zuwa za a sake ɗibar jinin tela. Inna za ta zo, amma ba ta ƙofar kicin ba. A benci za ta zauna cikin layin da ta yi shekaru tana yi wa bayani, tana riƙe da hannunsa na hagu, suna jiran a kira su tagata. Shekarata goma sha tara ina miƙa wa mutane takardun nan, ban taɓa jin tsoron jan biro ba sai wannan karon.